Yadda Muka Sauke Wasan Japan a Ɗakin Kwamfuta

Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ban taɓa mantawa da ranar da shugaban makarantarmu ta sakandare a Kaura Namoda ya kira ni ofishinsa ba, a zangon ƙarshe kafin in yi ritaya. Ni ne babban malamin Larabci da addini, kuma ni ke jagorantar kwamitin ladabtarwa, wanda ke sauraron ƙorafi a kan malami kafin maganarsa ta kai ma'aikatar ilimi. Na tarar da Alhaji Ɗanjuma, mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji kuma shugaban ƙungiyar iyaye, ransa a ɓace.

Ƙorafinsa a kan Malam Nasiru ne, sabon malamin kwamfuta, ɗan Shinkafi, wanda ba a kai ga tabbatar da shi a aiki ba. Ya ce yana tara ɗalibai bayan an tashi, yana nuna musu wani tsohon wasan bidiyo na Japan, inda wasu matasa ke komawa zamanin da ya shuɗe don su gyara abin da zai auku. A ganin Alhaji, wannan koya wa yara ne cewa ana warware ƙaddara. Rahoto ɗaya daga kwamitinmu ya isa ya raba Nasiru da aikinsa.

Na ce ba zan sa hannu ba sai na ga wasan. Mu da muka yi karatun zaure an hore mu da cewa ba a yanke wa littafi hukunci sai an sauke shi, kuma ba a tsallake shafi. Nasiru ya shaida mini cewa wasan na da tsawo ƙwarai, kuma ya kawo shi ne don yara su saba da karanta Turanci. Na ce tsawonsa bai kai na littattafan fiƙihu ba.

Haka muka riƙa zama bayan la'asar, shi yana dannawa yana fassarawa, ni ina tambaya. In an zo wurin faɗa da dodanni sai ya nemi mu wuce, in hana. Alhaji ma ya riƙa zuwa, wai don kada a rufe ni da baki. Ba a jima ba ya fara yi wa Nasiru faɗa a kan bin hanyar da ba ta ɓullewa a cikin wasan.

Ranar da muka kai ƙarshe, Nasiru ya ambata cewa akwai wasu ƙarshen daban, gwargwadon abin da mai wasa ya zaɓa. Na tambaye shi wa ke rubuta su. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun rubuta su duka tun kafin su fitar da shi.

Alhaji ya ce, "To Malam, ke nan yaran ga na cikin wasan ba su canza komai ba?"

Na ce, "Zaɓi suka yi, Alhaji, amma ba su fita daga abin da anka rubuta ba. Allah Ya ɗaukaka ga barin a buga misali da Shi, sai dai na shekara talatin ina bayanin wanga babi na ƙaddara a aji, ban ga an fahimce shi da sauri haka ba."

Na rubuta cewa tatsuniya ce mai hoto, babu kore ƙaddara a cikinta, da sharaɗin a kashe kiɗan, a kuma rufe na'ura da zarar an kira salla. An tabbatar da Nasiru a aikinsa. Da muka fito, Alhaji ya ja shi gefe yana tambayarsa yaushe za a duba sauran ƙarshen.

Ku da ke aikin nan yanzu, in abincin wani ya rataya a kan sa hannunku, ku zauna ku ga abin har ƙarshensa, ku kuma zaunar da mai ƙorafi kusa da ku. Mafi yawan iyaye tsoro ne ke kawo su, ba mugunta ba.

Allah Ya sa albarka ga mai karatu da iyalinsa, Ya kyautata ƙarshenmu baki ɗaya. Amin.