Fayil Ɗin da Bai Zo Teburina Ba

Aikina a ofis karɓar fayil ne. Duk wanda ya ƙirƙiro wani abu, yana so doka ta hana kowa kwaikwayonsa har shekara ashirin, teburina yake fara zuwa. In ƙirga shafuka, in duba sa hannu, in buga hatimi, in miƙa gaba. Ba a tambayata ko abin yana aiki, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na buga wa injin ɓarar gyaɗa hatimi, na buga wa murhun da mai shi ya rantse ba ya hayaƙi, alhali ƙauri ne kawai ke tashi daga rigarsa.

Fayilolin ƙasashen waje kuwa lauyoyi ke kawo su. Da can na injuna ne da na ƙwayoyin magani. Daga baya wasu masu kauri suka fara shigowa, shafi bayan shafi babu komai sai haruffa huɗu suna ta maimaita kansu. Ranar da na fara ganin irinsu na zaci injin buga takarda ne ya haukace. Wata lauya 'yar Filato, dattijuwa, wadda ta fi kowa kawo mana irin waɗannan, ita ta yi min bayani. Ta ce rubutun halitta ne, wanda mutum ke gada daga iyayensa. Ta ce a can sun daɗe suna shari'a kan ko ɗan Adam zai iya mallakar abin da Allah ya halitta a jikin kowa, har wata babbar kotu ta ce a'a, sai dai ya mallaki kayan aikin da ya ƙera. Shi ma kayan aikin, wani abu mai kama da almakashi da ke yanke gurɓataccen rubutu a gyara, masana sun shekara suna rigimar wanda ya riga wani. Na ce Allah ya kyauta, na buga hatimi na wuce. Ban ɗauka zancen ya shafe ni ba.

Ashe ya shafe ni. 'Yata ta biyu da sikila aka haife ta. Ni da mahaifiyarta muka haɗu muka ba ta, ba mu sani ba, don lokacin aurenmu ba wanda ya ce mana a yi gwajin jini. Mun san hanyar asibiti daga unguwarmu Kurudu fiye da hanyar kasuwa. Yarinyar ga ta da baki, ga tsokana. Ko tana kwance da ledar ƙarin ruwa a hannu sai ta ce min tumbina ya riga ni shigowa ɗaki.

Tana da shekara goma sha tara ta miƙo min wayarta wata ranar Asabar. An fara warkar da masu sikila a ƙasashen waje: a ɗebi ƙwayoyin jinin mutum, a gyara su da almakashin nan, a mayar masa. Na karanta har sau uku. Sai bakina ya yi abin da ya saba, ya riga hankalina.

"Ai wannan sai ya bi ta teburina," na ce. "Kafin su kawo maganin ƙasar nan sai sun yi rajista. Ranar da fayil ɗin ya zo, ni zan buga masa hatimi da hannuna."

"Baba, da gaske?"

"Ni da aikina kike tambaya?"

Wallahi ba ƙarya na shirya ba, haka na ɗauka. Kuma na ji daɗin yadda ta kalle ni. Shekara da shekaru ba ni da abin yi mata sai riƙe ledar magani da cewa sannu.

Bayan 'yan watanni ƙugunta na hagu ya fara ciwo irin wanda ba ya tafiya. Likita ya duba hoto ya ce jini ya daina isa kan ƙashin, yana lalacewa, gara a yi aiki tun bai ƙarasa ba. Yarinya ta ce atafau ba za a taɓa ta ba. Wai idan masu sabon magani suka zo, so take su same ta yadda Allah ya yi ta, ba da yankan likita a jiki ba, kada su ce ba ta cancanta ba. Likita ya ce wannan daban, wancan daban. Ta ce babanta ne ke ofishin, ya fi shi sanin lokacin da abin zai iso.

Mahaifiyarta ta tare ni a tsakar gida. "Malam, kai ka ɗaura wannan, kai za ka kwance. Kullum tafiyarta ƙara karkacewa take, kana gani."

Na yi mata tsawa, don na san gaskiya ta faɗa.

Daga nan na shiga nema. Lokacin da abokan aiki ke fita cin abinci, ni ina ɗakin ajiya ina zazzage fayiloli masu haruffa huɗu. Na samu na masara, na samu na allurar rigakafi, na samu wasu da ban gane kansu ba. Wanda nake nema ban gan shi ba. Ina nema ina zagin masu shi a zuciyata: mutanen da suka kulle lafiyar 'ya'yan mutane na shekara ashirin, suka sa mata kuɗin da ko an sayar da layinmu gaba ɗaya ba zai kai ba. Na yi ta lissafin shekarun 'yata ranar da wa'adinsu zai cika, ina tsorata da abin da nake samu.

Da na gaji, na tare lauyar nan a bakin matakala na faɗa mata komai. Ta sauke jakarta ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Oga, yaron naka shekara nawa?"

"Mace ce, Madam. Ta kusa ashirin."

"Sorry. Amma kai ma ka san aikin nan. Ko file ya zo, ba magani ne ya zo ba. Kuma company ba ya register a ko'ina haka kawai. Yana register inda zai sayar, ko inda yana tsoro wani zai yi copy. Ni dai ba wanda ya aiko ni da wannan."

"To idan ba su yi rajista a nan ba fa?"

"Doka bai hana kowa ba ke nan. Wanda ya iya, ya yi."

"To me ya hana a yi?"

Ta ɗauki jakarta. Sannan ta ce, a hankali, "Ka kai shi a yi operation, oga. Kar ka jira takarda."

Na koma teburina na zauna. Wata da watanni ina fushi da mutanen da na zaci sun rufe mana ƙofa da kwaɗo. Ashe ko kwaɗon ba su ga dalilin saya ba. Ƙasar da ko'ina ka waiwaya akwai gidan da ke da mai sikila, ba su sa ran za mu saya ba, ba su ji tsoron za mu kwaikwaya ba. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma ban san wa zan kama ba, su ko mu. A bas ɗin komawa gida, cikin cunkoson Nyanya, kwandasta ya taka min ƙafa, na zazzage masa abin da ba nasa ba, har fasinjoji suka ba ni haƙuri.

Sai da na kwana biyu kafin na iya tunkarar 'yar tawa da maganar. Ranar Lahadi da la'asar na same ta a ɗaki tana kwance ta gefen dama, don hagun ba ya kwantuwa. Na zauna a bakin gado na ce fayil ɗin bai zo ba, ban san ranar zuwansa ba, kuma ko ya zo ba shi ne magani ba. Na ce ban san abin da nake faɗa ba ranar nan, son burge ta ne ya ja ni. Na ce ta yafe min.

Na so ta yi kuka, ko ta yi min rashin kunya. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Wata takwas fa, Baba," ta ce.

"Na sani."

"Likita ya ce da an yi da wuri, da ba sai an sa ƙarfe ba."

Sai ta nuna ƙarƙashin gado ta ce in jawo mata abin da ke ciki. Sandar dogarawa ce ta asibiti, tana cikin ledarta, ko ɓare ta ba a yi ba. Na ɓare, na taimaka mata ta miƙe. Sandar ta yi mata tsawo, kafaɗarta ta ɗage har kunne.

"Rage min ita daidai ni," ta ce. "Tunda za mu daɗe tare."

Na durƙusa a gabanta ina neman ramin da zan mayar da ƙusar sandar, idona ya ƙi gani.