Ɗinkin Bahago

Kafin a kira sunana a kotu, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gumel. Ban gaji rumfa ba, ban gaji jari ba. Da dako na fara, daga baya wani dattijo mutumin Sule Tankarkar, Baba Garba mai awo, ya ɗauke ni ina yi masa ɗinkin buhu. Shi ya koya mini riƙon basilla, shi kuma ya sa mini suna Bahago, don da hagu nake yin komai ban da cin abinci. Ɗinkina yana kwantawa ta ɓarin da na sauran mutane ba ya kwantawa. Da na tsaya da ƙafata, ɗinkin nan ya zama shaidata. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, mutanen Damagaram in suka ga bakin buhu da ɗinkin hagu ba sa farkewa su duba. Sun san gero ne tsantsa, babu yashi, babu ƙaiƙayi a ƙasa. Masu tsaron hanya ma sun sani. Sukan shafa bakin buhun su ce mota ta wuce.

A shekarar farin nan da aka koma kashe naira, hatsi ya yi daraja, aiki ya yi yawa. 'Yan dakona suna haɗiyar wata ƙwaya, irin wadda 'yan ƙwadago ke sha su wuni suna noma ba gajiya. Na ga in sun sha lodi yana sauri, sai na fara saya musu. Ban taɓa sha ba, kuma wannan ya ishe ni hujja a lokacin.

Mai sayar mini wani mutum ne mai tsabta da agogon hannu, ana ce masa Na-Ikko. Wata rana ya zauna a kan buhuna yana shafa ɗinkin, ya ce, "Malam, kai kaɗai ne a garin nan ba a buɗe maka kaya. Gwangwanin ƙwaya ɗaya a tsakiyar gero, wa zai sani?"

Na ce zan yi tunani. Tunanin ɗan kasuwa na yi. Ban tambayi kaina wa zai sha ba, na tambayi kaina wa zai kama ni. Gwangwani ɗaya ya zama uku, buhu ɗaya ya zama biyar. Irin waɗannan buhunan da hannuna nake ɗinke su, don kada kowa ya gani.

Motar da ke ɗaukar mini kaya, direbanta Sabo ne, mutumin Gagarawa. Mai surutu ne da dariya, ba ya wuce mai tafiya a ƙasa bai rage masa hanya ba. Bai san komai ba. Wata Alhamis da hantsi 'yan sanda suka tsayar da shi kafin Maigatari. Wannan karon ba su shafa baki ba, wuƙa suka sa. Da suka tambaye shi kayan wa ne, ya faɗi sunana kai tsaye, har yana ce musu ai kuskure ne, a kira ni zan warware. Kafin azahar suna ƙofar rumfata. Na-Ikko ya tsallaka iyaka, ban sake ganinsa ba.

Aka kai mu Kano, ni da Sabo. Aka karanta mana tuhuma, tafinta ya fassara: mun haɗa baki don rarraba ƙwayar da doka ta hana. Aka hana beli. Na saurara kamar ana karanta farashin dawa a rediyo. Tsoro ban ji ba, kunya ban ji ba. Kaina dai yana ta aiki.

Na ɗauki lauya. Sabo ba shi da halin ɗauka. Lauyan ya bayyana mini cewa samun ƙwaya a buhuna bai isa ba, sai an nuna na san da ita. Ya tambaye ni ko akwai wanda kayan suka zauna a hannunsa bayan sun bar rumfata. Nan take na ga ƙofa. Na ce masa Sabo yakan tsaya a hanya, ƙila shi ya farke ya cusa ya sake ɗinkewa. Lauyan ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Shi ma ƙarya na yi masa.

Wata bakwai muna jiran shari'a a ɗaki ɗaya. Sabo yakan raba ƙanzon da matarsa ta aiko ya ba ni rabi. Yakan ce, "Maigida, kada ka damu, gaskiya za ta fito." Nakan karɓa in ci.

Ranar da na tsaya a gaban alƙali, na faɗi abin da na shirya, na nuna Sabo da yatsa. Bai yi ihu ba. Da aka ba shi dama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni sitiyari na iya. Ko maɓallin rigata ban iya ɗinkewa ba. A dubi ɗinkin mana." Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya roƙi a kawo buhu da basilla a zama na gaba, kowannenmu ya ɗinka a gani. Alƙali ya yarda.

Kwana goma sha huɗu na samu. Na yi ta koyon miƙa hannun dama a komai, har da tsintsiya. Babu wanda ya san ni a Kano. Sabo kansa maigida yake ce mini, kuma bai taɓa tsayawa ya ga ina ɗinki ba, shi yana wajen shayi sai an gama lodi.

Abu ɗaya na manta. Tun farko na ba lauya sunan Baba Garba, don ya zo ya shaidi halina. A ranar zaman ya zo, da sandarsa da tsohuwar rigarsa ta Juma'a. Ya rantse, ya ce shekara da shekaru bai taɓa samun tsakuwa a awona ba. Aka ce ya zauna a benci na gaba. Aka kawo buhu. Sabo ya fara, ya soki yatsarsa, ɗinkin ya tafi a karkace, mutane suka yi dariya. Aka miƙo mini basilla. Na karɓa da dama, na soka ɗaya, na soka biyu.

Sai muryar tsohon ta fito, da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi.

"Bahago! Me ya sami hagun? Dukanka suka yi a ciki?"

Tausayina yake ji. Har ya yunƙura zai tashi ya duba hannun. Alƙali ya sa tafinta ya maimaita masa, sannan ya tambayi tsohon me ya sa yake kirana haka. Baba Garba ya yi bayani da alfahari, ya ce duk ƙasar Gumel babu mai ɗinki irin nawa, ko ido a rufe zai gane shi. Aka ɗora masa hannu a bakin buhunan da aka kama, inda wuƙa ba ta taɓa ba. Ya shafa, ya ce, "Nasa ne. Babu wanda ya taɓa wannan bayansa." Yana murmushi, yana zaton taimakona ya yi.

Na mayar da basilla hannun hagu na ƙarasa ɗinkin. Ban san dalili ba. Buhu ne a buɗe, na rufe shi.

Aka sallami Sabo. Ni aka ba ni shekara huɗu. Lauyan ya tattara takardunsa ya tafi. A gidan yari na yi aikin da aka sa ni, na ci abin da aka ba ni. A shekara ta biyu wani ƙanena ya zo ya ce Baba Garba ya rasu, kuma har ya kwanta ciwo yana tambayar mutane, "Wai ni na ɗaure yaron nan?" Na ce Allah ya jiƙansa. Hawaye bai zo ba. Na jira shi kwanaki, bai zo ba.

Da na fito, ban fara da gida ba, Gagarawa na nufa. Tun Sabo yana tsare mai motar ya ba wani direba ita, kuma babu wanda ya sake ba shi mota. Na same shi a bakin hanya yana facin taya. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ci gaba da goge roba. Can ya ce, "Ƙwayar ba ta dame ni ba, wannan tsakaninka da Allah. Ƙanzon nan fa? Kana ci kana kallona?"

Na ce ina ci.

Ya turo mini buta ya ce, "Sha ruwa, rana ta yi. Yafiya kuwa, ka bar ni tukuna."

Na sha na tafi. Duk ƙaramar salla ina komawa, har yau amsar ɗaya ce, kuma ba na ganin laifinsa. Na tuba ga Allah, ina salla, ina roƙo. Ba zan ce muku zuciyata ta yi sanyi ba, don yawancin lokaci ba na jin komai a cikinta.

Ku samari masu shiga kasuwa, ga abin da na sani. Mai irin wannan kaya ba wajen ɓarawo yake zuwa ba, wajen wanda aka yarda da shi yake zuwa, don yardar yake so ya saya. In ya ce gwangwani ɗaya ne, ku tashi daga wurin. In kuma har kun faɗa aka kama ku, ku tsaya a kan naku laifin, kada ku nemi mafita ta kan wanda ba shi da lauya. Shekara huɗun nan na gama su. Abin da na yi da yatsata a kotu shi ne ban gama ba.

Yanzu ina awo a gefen kasuwar Gumel, mudu-mudu. In mai saye ya cika buhu, nakan miƙa masa basilla in ce ya ɗinke da kansa.