Hasiya, Na Rasa Wanda Zan Riƙe da Laifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran autata Hasiya a asibiti nan Jibiya, wajen haihuwar fari. Ta bar jinjira mace, wadda dangin uba daga tsallaken iyaka suka ce a ba su, ni kuwa na ce ba inda za ta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kar a gyara mani magana.

Hasiya, duk garin nan an san ni, Lawwali mai amalanke, ba na mantuwa. Wanda ya ci mani iyakar gona a Daddara, da ɗan duwan, wato kwastan ɗin da ya zubar mani da gero a bakin shingen iyaka, duk suna nan a raina. Ke kaɗai ke iya ce mani, "Baba, ya isa hakanan," in yi shiru. Lokacin da mai cin iyakar nan ya kwanta ciwo, kika riƙa kai masa kunu kina cewa ni na aiko. Ya warke ya zo yi mani godiya a gaban mutane, na rasa bakin ƙaryata ki. Har yau ban yafe masa ba, amma muna gaisawa, kuma aikinki ne.

Da aka kai ki gidan Sadisu a ƙasar Nijar, ba ki taɓa tsallakowa kasuwa hannu sake ba. Ko cuku, ko ƙwan zabi, sai kin ajiye mani kafin ki gaida uwarki.

Da cikinki ya tsufa na aika a maido ki goyon ciki, kamar yadda aka yi wa yayyenki. Sadisu ya so ki zauna kusa da likitan Maraɗi, na ƙi. Yanzu ana ta ƙus-ƙus wai da na bar ki can. Su faɗa. Mai cikin fari a ɗakin uwarta take haihuwa, haka muka tarar.

Ƙafafunki suka kumbura, muka ce nauyin ciki ne. Kika ce kanki na sarawa, idonki na ganin dishi-dishi. Da hantsi kina tankaɗe kika faɗi, jijjiga ta kama ki, kina taune harshe. A asibiti wata malama, Mutmainna, ta yi maki allurar da ta kira maganiziyam. Jikinki ya lafa, kika buɗe ido kika ce zafi kike ji kamar an hura maki wuta. Na yi hamdala. Sai kuma naƙudar da ta fara ta yi sanyi, har aka ɗaura maki ruwa don a tashe ta. Da la'asar kika sauka. Jini ya ɓalle. Suka murza cikinki, suka yi allurai, aka ɗebi jinin yayanki aka ƙara maki. Kafin magariba an rufe maki fuska.

Washegari na koma asibitin da sandata. Na ce da malamar, allurarki ce ta kashe mani ɗiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce maganin yana sassauta tsoka ne don jijjiga ta tsaya, mahaifa kuma ita ma tsoka ce, shi ya sa wani lokaci naƙuda ke yin sanyi. Bayan haihuwa dole mahaifa ta dunƙule ta toshe hanyoyin jini, taki kuwa ciwo da naƙuda sun gajiyar da ita, ta ƙi dunƙulewa. Na ce to ashe da hannun allurar.

Ta ce, "Baba, ko da shi ko babu, ban isa in rantse maka ba. Amma da ban yi ba, jijjigar za ta tafi da su biyun. In aka sake kawo mani wata gobe, zan yi mata."

Na duba idanunta, sun kumbura kamar na uwarki. Na juyo da sandata. Shekaruna duk na yi su ina sanin wanda ya cuce ni. Wannan karon na zagaya, na rasa.

Ita kuma jinjirar, na yi rantsuwa a gidana za ta tashi. Uwarki ta tsufa, ba nono. Madarar gwangwani ta ƙi zama a cikinta, kuka har muryarta ta dushe. Ƙanwar Sadisu, Salmatu, tana goyo. Ta zo gaisuwa, ta ɗauke ta ta sa mata nono ba tare da ta tambaye ni ba. Yarinya ta kama, ta yi barci. Bayan suna na raka su har shinge, na miƙa ta da hannuna.

Allah Ya jiƙanki, Hasiya, Ya sa haihuwar nan ta zama shahada gare ki, Ya haskaka kabarinki. Ina yi wa uwarki Rabi'a ta'aziyya, da yayyenki, da Malama Mutmainna. Kai kuma Sadisu, ban taɓa yi maka magana mai daɗi ba, yau ma ban iya ba. Allah Ya ba ka haƙuri. In yarinyar ta fara tafiya, ka kawo mani ita in gani, in ina nan.