Yadda Na Zama Telar Ordinatar

A shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, damina kuma ta yi gardama, sana'ata ta tsaya cak. Ni mai zanen surfani ce. Ina zana furanni a takarda, telolin Zongo su ɗora a wuyan riguna. To mutumin da ke tunanin buhun hatsi ba ya tunanin wuyan riga. Shi ya sa na fara zuwa wurin Yayana ina wuni, don akwai fanka idan ba a ɗauke kuran ba, wato wutar lantarki.

Yaya yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a Maourey, bayan wani shagon takalma. Kayan aikinsa ordinatar ɗaya ce, wato kwamfuta, da makirfo, da wani ɗan guntun fiyano. Duk kiɗan daga cikin ordinatar yake fita, daga wani abu da Yaya ke kira sinte. Idan ya buɗe shi sai fuskarsa ta cika gilashi: launin toka, da butoci ƙanana rututu, kowane da aikinsa. Wannan ya sa sauti ya yi kauri, wancan ya sa ya yi rawa, wani kuma ya mayar da algaita kamar kukan sauro. Masu zuwa waƙa ba sa son wannan fuskar. Wani ɗan kasuwa da ya zo a yi masa talla ya leƙa ya ce, "Wannan ai injin asibiti ne. Jinina za ku auna?"

Wata rana Yaya ya kira ni da murna. Ya gano cewa fuskar hotuna ce kawai a cikin wani dosiye, wato ma'ajiyar da ke cikin ordinatar, kuma ana iya cire su a sa wasu.

"Ke da kike zaune kina shan iskar fankata, ɗinka masa riga," in ji shi.

Ashe aikin ba wasa ba ne. Buto guda sai an zana shi sau da yawa, kowane zane an ɗan juya shi kaɗan, a jera su bi da bi, don idan aka murɗa a ga kamar yana juyawa. Na koyi riƙe suri, wannan ɗan abin da ake ja a kan tebur, kamar mai koyon cin abinci da hagu. Rigar farko ta katako na yi, da butoci ruwan zinariya, saboda Alhazai. Sai dai na jera zanen buton ƙara sauti daga ƙarshe zuwa farko. Yaya ya ga kamar yana ragewa, alhali ƙarawa yake. Da ya taɓa fiyano, mai takalma ya fito da gudu daga shagonsa riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, yana tambaya ko wani juyin mulkin ne kuma.

Bayan na gyara, kasuwa ta buɗe ta inda ba mu zata ba. Kowa ya zo sai ya zaɓi riga kafin ya zaɓi kiɗa. Na yi ta atamfa saboda waƙoƙin biki. Na yi ta ƙwarya da zanen wuta. Mutane suna rantsuwa cewa ta zinariya ta fi daɗin sauti. Yaya ya gaji da cewa kiɗan ɗaya ne, ya ƙyale su.

Sai wata tsohuwar zabiya ta zo daga Goudel. Muna ce mata Inna. Da safe tana sayar da salati daga lambun 'ya'yanta a bakin kogi, da yamma tana waƙa a gidajen biki. Ta zo ne ta ɗauki waƙar roƙon ruwa. Ta duba duk rigunan ta taɓe baki.

"'Yata, duk waɗannan a bushe suke. Yaya zan roƙi ruwa ina kallon katako?"

"Inna, wace iri kuke so?"

"Kore. Abin da idona zai gani maƙogwarona ya jiƙe."

Na zana mata lambu. Manyan butoci suka zama shu, wato kabeji, masu ja sama da ƙasa suka zama karoti, na kunnawa kuma tumatir. Inna ta zauna ta yi ta kallo, sannan ta buɗe baki ta yi waƙar a ɗauka ɗaya, har tsigar jikina ta tashi. Daga ranar Yaya ya daina kiran butocin da sunayensu na Faransanci. Sai ka ji yana cewa, "Shu na biyu ya yi yawa, a ɗaga karoti."

Wannan rigar ce a kan gilashi ranar da wata motar soja ta tsaya a ƙofa. A lokacin idan aka ga kaki, kowa sai ya fara tuna laifinsa. Mai takalma ya rufe shago da kansa a ciki. Yaya ya miƙe ya ƙame, ya sara wa sojan da ya sauko da hannun hagu. Mai muƙamin Ajidan ne, dogo, mai gashin baki, sai ya sunkuya kafin ya shigo. Ya ce matarsa ta haifi namiji bayan 'yan mata huɗu, yana son waƙar suna mai kiɗan fareti. Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan ordinatar.

"Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, Ajidan, shi ne abin kiɗan."

"Da shu za ku kaɗa wa ɗan soja?"

Yaya ya nuna ni da yatsa, ko kunya bai ji ba. "Ƙanwata ce ta zana."

Ajidan ya juyo. "Madam, ki yi masa kaki. Irin mai dabbare-dabbare, na shiga daji. Jibi zan dawo."

Da la'asar ya aiko da tsohuwar rigarsa don in ga launi. Tsoro ya sa na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na bi kowane dabbare, kore da ruwan ƙasa da baƙi. Na yi tunanin idan na bar buto ɗaya da wani launi zai ce na raina soja, don haka su ma na sa musu kaki. Rubutun da ke ƙarƙashinsu ma na yi shi da ruwan ƙasa. Yaya kuwa yana can yana haɗa kiɗan da rigar lambu, bai duba tawa ba sai da muka ji motar ta tsaya, sannan ya yi sauri ya sauya.

Gilashi ya cika da daji. Buto ko ɗaya ba a gani. Ni da na zana su ma ban san inda suke ba.

Ajidan ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ce a kaɗa. Yaya ya fara yawo da suri yana dannawa da sa'a. Ya taɓa wani wuri, ƙahon fareti ya koma kukan rago. Ya taɓa wani, ragon ya kama rawar ɗari. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa.

"Ina butocin?" in ji Ajidan.

Na ce da muryar da ni ma da kyar na ji, "Suna nan, ranka ya daɗe. Sun ɓuya ne."

Ya matso da fuskarsa dab da gilashi, ya daɗe yana kallo. Sai ya bugi cinyarsa ya fashe da dariya.

"Wallahi sun ɓuya! Madam, shekara nawa ina koya wa sababbin sojoji ɓuya, kullum sai na hango ɗuwawun wani a bayan ciyawa. Ba ni wannan abin."

Ya karɓi suri da kansa ya shiga sintiri. Daga kusurwar hagu ya fara, layi-layi, ba ya tsallake ko tabo ɗaya. Duk inda ya danna sauti ya sauya sai ya yi ihu, "Na kama ɗaya!" ni kuma in ɗiga alama a takarda. Har aka kira azahar muna farauta. Biyu ba mu same su ba ranar.

Da aka gama ya ce dole a sa musu galo, irin na kafaɗa, da rawaya, don a san babba da ƙarami. Na ce buton ƙara sauti shi ne babba, a ba shi kanal. Ya haɗe rai.

"Ba buton da zai fi ni girma a ɗakin nan."

Saboda haka mafi girmansu ya tsaya a sarjan, wasu kofur, sauran ba su sami komai ba. Na zana galon a gabansa yana gyara mini faɗin layi. Sannan aka ɗauki waƙar, shi yana tsaye a bayan Yaya yana ba da umarni. "Sarjan, sama! Kofur na biyu, koma baya!" Yaya yana murɗawa yana amsa "To, ranka ya daɗe," kamar shi ne kofur ɗin.

Ranar suna ya aiko mota ta kai mu bariki. Aka sa waƙar a lasifika har sau bakwai, jariri yana ta barcinsa. Ajidan ya kai ni har rumfar mata ya ce musu, "Ga telar ordinatar, ita ta ɗinka wa injin kiɗa kaki." Na yi ƙoƙarin bayani, amma ganga ta hana a ji ni.

Bayan kwana uku matar wani sarjan ta sauka daga taksi a ƙofar gidanmu, ta rungumo talabijin, da atamfa a kafaɗa. Ta ce tana son riga mai baki da leshi, kuma a bar wa eriya ƙofa. Na dube ta, na dubi atamfar, na shiga ɗaki na ɗauko abin awo. A watan nan talabijin shida na auna, da firji ɗaya.