Gidan Ɗanrasha Mai Murhu Guda

Ko na manta ranar aurena, ba zan manta ranar da sabon ciyaman ya zo duba ginin Injiniya Ɗanrasha a Kebbe ba. Lokacin ni ne shugaban birkiloli a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, Injiniya kuwa maigidana. A Rasha ya koyo zanen gini, sunan ya bi shi. Kullum daga Tambuwal muke tahowa a babur ɗinsa, ta hanyar da raminta ɗaya kan haɗiye jaki da kayansa.

Ritaya ta matso, bai taɓa gina komai ba sai kwalbati. Sai tsohon ciyaman ya ba shi aikin gidan malaman makaranta. Ya zano abin da Kebbe ba ta taɓa gani ba: gini zagayayye kamar rumbu, tagogi kamar saƙar zuma, ɗakuna a kewaye, madafa ɗaya a tsakiya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, matan malamai duka murhu guda? Ai kotu ka zana, ba gida ba."

Ya ce, "Mamman, baki gare ka. Can Rasha, da anka hamɓare sarki, masu zane sunka ce tunda ƙasa ta sake, gida ma shi sake, kowa shi ci tukunya guda. Sai wani mai gashin baki ya hau mulki, ya ce a koma ginin fada. Masu zanen sunka tsufa rungume da takardunsu. Ni dai in ga nawa guda tsaye kafin in mutu."

Muna kai linta, wato daidai saman ƙofofi, aka yi zaɓe. A ƙa'ida, aikin da aka gada ba ya ci gaba sai sabon ciyaman ya gani ya amince. Ya zo, ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya sauke gilashi ya ce, "Wanga rumbu na waɗanda sunka faɗi ne? A bar musu abinsu."

Injiniya ya cire hula ya ce, "Mamman, can ma haka anka yi."

Bai daɗe da ritaya ba ya rasu. Ginin na nan ba rufi. Bara da kaka na tarar Fulani masu wucewa sun sauka ciki, kowane iyali da ɗakinsa, matan na tuƙa tuwo a tsakiya, murhu guda. Na tsaya na yi masa addu'a.

Ku sababbin shiga sashen ayyuka, ku riƙe wannan: a aikinmu kujerar mulki ke riƙe gini, ba siminti ba.