Jet-ski da Sallar La'asar ta Kawu

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta ranar da na kusa afka wa kawuna da jet-ski, wato babur ɗin kan ruwa, yana cikin sallah ba. Lokacin shekaruna sha shida, muna zaune a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon na Faransa, kuma a ganina duk Lyon babu wanda ya kai ni iya tuƙi, don kawai duk hutun da muka je Maradi nakan ari moton yayana, wato babur ɗinsa, in tayar wa unguwa da hankali.

Cibiyar matasan unguwarmu ce ta shirya mana koyon jet-ski a kogin Saône. Baba yana wurin aiki, sai aka haɗa ni da Kawu, ƙanen mamata, ɗalibin da bai daɗe da zuwa Faransa ba. Kawu bai iya iyo ba. Ruwan wanka ma sai ya yi addu'a yake tunkararsa.

Mai koyar da mu wata Baturiya ce gajera, amma muryarta na iya tayar da mutanen Paris daga barci. Ta ce wannan abin ba shi da birki, kuma ruwan da injin ke tunkuɗawa ta baya shi ke juya shi. Idan ka saki wuta, ko ka murɗa kan har ya karye, ba zai karkata ba.

"Kai, ka dai ji abin da ta ce?" in ji Kawu.

"Kawu, moto ne fa, ruwa kawai aka zuba masa a ƙasa."

Da farko komai ya tafi daidai. Ina zagaya balan-balan ɗin da aka jera a ruwa, iska na dukan fuskata, ina jin kamar in wuce Maradi kai tsaye. Sai a wata kwana na buɗe da yawa. Ina ɗaga kai na ga na miƙe sak zuwa dandamalin katakon nan mai yawo a kan ruwa, inda ake ɗaure jiragen. A can ƙarshensa Kawu ya shimfiɗa rigarsa ta sama yana sallar la'asar, alƙibla kuwa ta sa shi fuskantar kogi.

Kafin in yi tunani hannuna ya saki wuta, yadda ya saba a kan moto. Na murɗa kan hagu, shiru. Na murɗa dama, shiru. Abin ya ci gaba da sulalewa da ni kamar an ja shi da igiya. Wallahi har ƙafa na sauke cikin ruwa wai zan taka ƙasa.

Waɗanda ke kan dandamalin suka watse da gudu. Kawu yana zaune yana tahiya, yatsa a miƙe, ido a ƙasa.

"Kawu, tashi! Kawu!"

Ko motsi bai yi ba. Daga jirginta malamar tana ihu: "Accélère! Tourne!" Wato in ƙara wuta in juya. In ƙara wuta, alhali mutum na gabana! Duk jikina ya ƙi. Har na fara ganin zaren hularsa, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Mama. Na runtse ido, na danna wuta, na kwantar da kan hagu da duk ƙarfina.

Injin ya yi gurnani, bayan jet-skin ya zamo, ya share gefen katakon. Ni kuma na wuntsila cikin kogi, igiyar da ke ɗaure a hannuna ta fizge ta kashe injin. Rigar ceto ta taso da ni ina tari. Dandamalin na ta rawa, Kawu ya jiƙe sharkaf daga hula har ƙafa, amma yana nan zaune. Ya yi sallama dama, ya yi hagu, sannan ya rarrafo ya miƙo mini hannu.

"Kawu, mi ya hana ka gudu?"

"In gudu ina, ɗan nema? Gaba ruwa, gefe ruwa. Na ce in tafiyar ce, gara ta same ni da kalmar shahada a baki."

Ya rungume ni, sannan ya murɗe mini kunne har sai da na ga taurari.

Ranar na gane cewa kunne na iya jin darasi sarai, amma idan tsoro ya zo, abin da hannu ya saba shi zai yi. Tun daga nan, duk sabon abin da zan koya, nakan fara tambayar kaina wace tsohuwar al'ada ce zan fara kwancewa, kafin wani ya zauna a gabana.