Alkafura Babu Takarda

Duk sanda jirgi ya ratsa saman Agege, yatsun Malam Zayyanu sukan dunƙule kamar ya riƙe sandar tuƙi, amma ba kowa ke lura ba. Shekara goma sha biyu yana gyaran ƙaramin jirgin wani attajiri a Ikeja. Matuƙin ya koya masa tuƙi har da alkafura da jirgi a sama, sai dai ko awa ɗaya ta tuƙi ba a rubuta da sunansa ba.

Da farar hula suka hau mulki, wani sabon kamfanin jiragen sama ya nemi matuƙa, Malam Zayyanu ya je.

"Baba, ina satifiket?" in ji akawun kamfanin.

"Ku ba ni jirgi ku gani."

"Mu takarda muke gani."

Malam Zayyanu ya fito. Ya hau bas ɗin danfo ya koma gida, ya gyara wa maƙwabcinsa janareta.